Ɗaki mun samu, saura kanta da littattafai

Wata malama, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyarwa a wata firamaren Islamiyya a nan Kumasi. Hedimasta ya ba ni ɗakin da muke jibge karyayyun benci, ya ce in mai da shi laburare. Abin da ke hannuna kwali biyu ne na tsofaffin littattafai. Kuɗin da gwamnati ke bayarwa kan kowane yaro, alli da rajista ma da ƙyar yake isa. Iyayen kuwa yawanci masu koko ne da direbobin trotro, ina jin nauyin sake kai musu ƙoƙon bara. Wani ya ce in nemi kwantenar littattafai daga Amurka. Ta ina zan fara?

Tsohon hedimasta, Asawase:
Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye zancen kwantena tukuna. Irin su Books For Africa littafin kyauta ne, amma kuɗin jirgin ruwa ku za ku nemo, kuma kwantena ɗaya ta haura littafi 20,000. A ina za ki zuba su? Mu mun taɓa karɓar kaya daga wata ƙungiya dabam. Suka yi ta zama a tashar Tema saboda takarda ɗaya, kuɗin ajiya na hawa kullum. Da muka buɗe, rabi na 'yan jami'a ne, har da na dokar harajin wata ƙasa. Yaron aji uku ya yi me da shi? Ki fara da na kusa. Ki je Ashanti Library da ke Cultural Centre, tana ƙarƙashin Ghana Library Authority, wadda Book Aid International ta Ingila ke turo wa sababbin littattafai. Akwai kuma Ghana Book Trust a Accra. Wasiƙar ta fito da hatimin makaranta da sa hannun hedimasta, ki faɗi shekarun yaran, ki ce na labarai masu hoto kike so.

Wata ma'aikaciyar ƙungiyar agaji, Nima:
Baba ya yi gaskiya. Ƙari a kai, Malama, masu tallafi ba sa zuba kuɗi a MoMo (asusun kuɗi na waya) ɗin mutum ɗaya, ko da waliyyi ne. Ku buɗe asusu da sunan makaranta, mutum biyu masu sa hannu, ɗaya daga kwamitin iyaye. Ki ɗauki hoton ɗakin yadda yake yanzu, ki rubuta lissafi a shafi guda: kanta nawa, fenti nawa, ƙofa da kwaɗo nawa. Da wannan za ki je Zongo Development Fund, wanda dokar 2017 ta kafa domin unguwanni irin namu, kuma ilimi na cikin aikinsa. Ɗan majalisarku ma yana da kasonsa a Common Fund, kuɗin raya ƙananan hukumomi. Ki bi ta hannun asambuliman, wato kansilan unguwa, zuwa majalisar ƙaramar hukumarku ta Asokore Mampong, tun kafin su rufe kasafin baɗi. Kuma a koma, a sake komawa, wasiƙa ba ta da ƙafa.

Wani kafinta, Tafo Zango:
Hajiya kar a yi miki kanta da katakon wawa don araha. Sunansa ya bi shi, gara ke cinye shi. In ba halin katakon odum, a shafa magani, a ɗaga ƙafar kanta daga ƙasa. Bencin nan da suka karye ma kar a zubar, za su ba da tebur biyu ko uku. Ku sayi ƙusa, aikin hannu na bari sadaka.

Wani ɗan zango a Jamus:
Ina tsofaffin ɗalibanku? Mu da ke waje ba rowa muke ba, tsoron inda kuɗin zai shiga ne. A ce mana kanta ɗaya sidi kaza, a turo rasit da hoto, za ki sha mamaki.

Wata uwa, Aboabo:
Malama ban yarda da maganar jin nauyi ba. Mu masu kokon nan mu ke yin adashi mu yi ashobin biki. A gaya wa Liman ya yi sanarwa ranar Juma'a, a ajiye akwati mai kwaɗo, a ƙirga a gaban mutane.

Malama:
Allah ya saka da alheri. Hajiya na karɓi gyara, zan sa hedimasta ya ga Liman. Litinin zan kai wasiƙar Cultural Centre. Malam kafinta, Asabar bayan Azahar ta yi maka? Bencin goma sha ɗaya ne, huɗu ba su da ƙafa.