Tambaya: mi ne bambancin Tier III da Tier IV a cibiyoyin adana bayanai?

Dan_Mabera: Salam 'yan uwa. Makarantarmu nan Sakkwato muna son ɗora fotal na duba sakamako da biyan kuɗin zango, kamfani biyu munka tuntuɓa, ɗaya ya ce sabarsu, wato kwamfutar da za ta riƙe fotal ɗin, na cibiyar Tier III a Legas, ɗayan ya ce tasu Tier IV ce kuma kuɗinshi ya hwi yawa sosai. Don Allah da gaske akwai bambanci ko salon cin kuɗi ne kawai?

Injiniya_Arkilla: Wa'alaikumus salam. Akwai bambanci mallam. Uptime Institute ta Amurka ce ta kasa cibiyoyin adana bayanai mataki huɗu. Tier I hanyar wuta ɗaya ce, in za a yi gyara sai an kashe komai. Tier II ta ƙara janareta da UPS (batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke) na ko-ta-kwana amma hanyar dai ɗaya. Tier III ita ce za a iya cire kowace na'ura, AC ko janareta, a gyara ta alhali saba na aiki ko gezau, Tier IV kuwa ko abu ya ƙone ba zato ɗayan ɓangaren zai riƙe. Alƙaluman da ake yawo da su na lokacin da cibiya ke aiki ba tsayawa, Tier III 99.982% wato tsayawar kusan awa 1.6 a shekara, Tier IV 99.995% kamar minti 26.

Maman_Haidar: Injiniya su kansu Uptime sun cire waɗannan alƙaluman tun 2009 fa, 'yan talla ne suka riƙe su. Dan_Mabera ka ce su nuna maka satifiket, don akwai na zanen gini kawai, akwai na ginin da aka je aka gwada aka kashe wuta aka gani, wasu na zane kaɗai gare su amma baki har kunne. Sunan cibiyar na nan a shafin Uptime in gaskiya ne.

Abba_POS: Ni dai Tier ba ta hana a yanke faiba tsakanin Legas da nan, ginin kawai take aunawa, wuta da sanyi. Ku tuna Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku sunka katse wajen Kwaddibuwa, cibiyoyi na kunne lafiya lau amma bankuna sun tsaya, mu masu POS mun sha zaman banza. Fotal na makaranta Tier III ta isa wallahi, rarar kuɗin ku biya a dinga kwafe bayananku a wata cibiya daban, ko Abuja.

Dan_Mabera: Na gode ƙwarai. Abba wannan kwafin kullum ake yi ko mako-mako?