Abin da muka tattara kan goge duwatsun aƙiƙ

Jiya bayan la'asar mun zauna a gindin darbejiya a ƙauyenmu kusa da Birnin Kudu, hira ta karkata kan gyaran aƙiƙ, dutsen da ake yin tsakiya da shi.

Kowa ya yarda haƙuri ne jarin. Aƙiƙ na da tauri, maki 7 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, don haka yashin rafi ba zai ci shi sosai ba, sai garin silikon kabaid, wani gari da ya fi shi tauri. A fara da mai kaushi, lamba 60/90, a koma 120/220, sannan 500, a ƙare da garin sheƙi. Ana zuba duwatsun da garin a gwangwanin da inji ke juyawa, kowane mataki mako guda yana juyawa, na farkon ma yakan zarce. A zuba duwatsu su cika kashi biyu cikin uku na gwangwanin, ruwa ya tsaya dab da samansu.

Wankewa tsakanin matakai ne ya fi jan hankalina. Wani yayanmu ya nuna dutsensa mai zanen ja da fari, duk ƙarzuwa, saboda ƙwayar gari mai kaushi da ta maƙale a tsaga.

Kada a goge shi a bushe, ƙurarsa na lahanta huhu. Batun wutar lantarkin da za ta juya injin kuwa, aka ce a dogara da sola.