Muhawara: Wai maganin rage kitsen jini yana ceton mai gubar jini?

Ɗan Aliero: Salamu alaikum jama'a. Ni fa na gamsu cewa magungunan rage kolestarol, irin su simbastatin, suna da amfani ga mai gubar jini, wato sefsis, inda kamuwa da ƙwayoyin cuta ke rikita jiki har sassansa su fara gazawa. A shekarar 2004 masu bincike a Jamus sun ba ɓeraye simbastatin, sannan suka jawo musu gubar jini. Waɗanda suka sha maganin sun yi kusan ninki huɗu na lokacin da sauran suka yi kafin su mutu. Magani ne mai arha, akwai shi a kyamis. Me muke jira?

Sista, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam ƙanena. Sake karantawa da kyau. Yaushe aka ba su maganin?

Ɗan Aliero: Kafin a sa musu cutar, Anti.

Sista, Birnin Kebbi: To ka gani. Ni kuma wadda ake kawo min, mai jego ce daga ƙauye, ta kwana tana zazzaɓi an ce iska ce, an yi jiƙe-jiƙe, sai da hawan jininta ya faɗi ta daina fitsari aka ɗauko ta. Wa ya san za ta kamu balle ya ba ta magani tun kafin?

Ɗan Aliero: Ai sun sake gwadawa a 2005, bayan cutar ta riga ta kama ɓerayen, kuma ya taimaka.

Likitan Dabbobi, Argungu: Yaron nan bai yi ƙarya ba, ku bar shi. Kuma akwai dalili. Dahin da ƙwayoyin cuta ka saki cikin jini yana da maiƙo, shi ya sa yake manne ma kitsen jini, hanta ta tace shi ta ƙofar da taka karɓar kolestarol. A 2014 a Kanada an nuna ɓerayen da ba su da wani sinadari mai suna PCSK9, wanda ka rage waɗanga ƙofofin, sun fi saurin kawar da dahin. Amma ni da dabbobi nika aiki, bari in gaya muku yadda aka yin gwajin. Ɓera ne matashi, lafiyayye, duk 'yan gida guda. A yanka cikinai, a ɗaure wani ɓangare na hanji, a huda shi da allura, kashi ya tsiyaya ciki, a ɗinke. An san awar da cutar ta fara. Babu ciwon suga, babu tamowa, babu zazzaɓin cizon sauro. Sannan ɓera na jure dahin da ya ninka abin da ka kwantar da mutum sau dubbai. Ko shi PCSK9 ɗin, wani binciken a 2017 ya toshe shi ga ɓeraye, mutuwa ba ta ragu ba.

Mai Harhaɗa Magani, Jega: Dakta, ranka ya daɗe, ai ba sai mun tsaya kan ɓera ba, an gwada a mutane. A Amurka an ɗauki marasa lafiya 745 masu sefsis da huhunsu ya taɓu, aka ba wasu rosubastatin, ɗan'uwan simbastatin, wasu aka ba su ƙwayar da babu magani a ciki. Sakamakon ya fito a 2014: kashi 28.5 cikin ɗari na masu shan maganin sun rasu, na ɗaya ɓangaren kashi 24.9. Ba a ma kai ƙarshe ba aka tsayar, ganin ba riba. Har da alamun ya ƙara wa hanta da ƙoda nauyi.

Ɗan Aliero: Amma Yaya, an sha lura cewa masu shan maganin tun da can sun fi tsira.

Mai Harhaɗa Magani, Jega: Wane ne ke shan maganin kolestarol kullum a nan? Mai albashi, mai zuwa asibiti kafin ciwo ya ci ƙarfinsa. Ko ba maganin, shi zai fi tsira.

Likitan Dabbobi, Argungu: Nan ne ba mu tare. Gwaji guda, magani guda, ga waɗanda cuta ta riga ta ci ƙarfinsu, bai isa a rufe babin ba. Akwai fenofibiret da danginsa, masu taimaka ma hanta ƙona kitse lokacin da jiki ya kasa, kuma sun nuna alheri ga ɓeraye. A ci gaba da bincike.

Sista, Birnin Kebbi: A ci gaba mana Dakta, ban hana ba. Abin da nake tsoro shi ne wani ya kwashi maganar nan ya kai WhatsApp, gobe a sayo wa mai zazzaɓi simbastatin a zauna gida. Ƙiyasi ya ce a shekarar 2017 kaɗai sefsis ya kashe mutum miliyan 11 a duniya. Abin da ke ceto sananne ne: allurar kashe ƙwayoyin cuta da wuri, ƙarin ruwa, iskar oksijin, a cire tushen ruɓar.

Ɗan Aliero: To wanda yake shan maganin kolestarol tuntuni, idan aka kwantar da shi, a dakatar ko a bar shi?

Mai Harhaɗa Magani, Jega: Wannan hukuncin likitansa ne, bayan an duba hanta da ƙoda da sauran magungunan da aka ɗora shi a kai. Kilaritoromaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, misali, ba a haɗa shi da simbastatin, yana iya narkar da tsoka.