Taƙaitawa: injin zafi zai iya ciyar da kansa har abada?

An yi muhawara kan ko injin zafi, wato injin da ke mayar da zafi ya zama aiki kamar na janareta, zai iya ciyar da kansa babu mai. Ga abin da aka tattauna a dunƙule.

1. Kusan kowa ya yarda ba zai yiwu ba. Makamashi ba a ƙirƙirarsa, kama kawai yake sauyawa. Injin da ke mayar da ƙarfinsa cikin kansa raguwa yake yi har ya tsaya.

2. An fi daɗewa kan dalilin da ya sa ba duk zafin ke zama aiki ba. Injin yana aiki ne idan zafi na gangarowa daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, kuma dole wani kaso ya tafi a banza. Masanin kimiyya Sadi Carnot na Faransa ya fayyace wannan iyaka a 1824. In zafin cikin injin yana 600 a Kelvin (ma'aunin zafi na masana kimiyya), na waje kuma 300, rabin zafin kaɗai zai iya zama aiki, ko da babu gogayya sam. Masu gyaran janareta suka ce a dubi salansa, wadda ba ta taɓuwa bayan injin ya ɗan yi aiki: man da aka saya ne ke fita ta nan.

3. An rabu kan tara zafin salansa a sake amfani da shi. Wasu na ganin mafita ce. Wasu suka ce tashoshin lantarki na zamani suna yin haka, suna mayar da kusan kashi 60 cikin 100 na zafin ya zama lantarki, amma gas suke ƙonawa kullum. Ina tare da na biyun.

4. Injin da ke aiki da zafin rana ba kansa yake ciyarwa ba, rana ce ke ciyar da shi.

5. Kan bidiyon "janareta mara mai", wanda ke nuna injin da wai yake ba da wuta babu mai, shawara ɗaya ce: kada a biya ko sisi sai an buɗe akwatin, an cire batir, an jona dutsen guga, an gani ko zai ci gaba da juyawa.