Takin ruwa, ruwan taki, ko tsimin taki?

Jama'a, ku zo mu raɗa wa abin nan suna. A gandun renon itatuwa da nake aiki akwai wata ganga a gindin darbejiya. Mukan zuba kashin shanu a buhu, mu ɗaure bakinsa, mu rataya shi cikin ruwan gangar, a riƙa motsawa har mako 2 zuwa 3. Ruwan da ya fito shi muke ba wa dashen da ke cikin leda. Malaman gona na ce masa liquid organic fertilizer, mu kuwa kowa da abin da ya zo bakinsa.

Mafi yawa "takin ruwa" suke cewa. Ban yarda da shi ba, don masu shagon maganin gona sun riga mu: takin zamani na kwalba da ake fesa wa ganye, shi ma haka suke kiransa. "Ruwan taki" kuma, manomi zai ɗauka baƙin ruwan nan ne da ke gangarowa daga juji bayan an yi ruwan sama. "Takin gargajiya na ruwa" ya faɗi gaskiya, amma wa zai tsaya furta wannan da bokiti a hannu?

Na tambayi dattijon da ke mana ban ruwa, "Baba, kai me za ka kira shi?" Ya buɗe murfin, ya sansana, ya ce, "Ɗana, ai wannan tsimi ne."

Nan na tsaya: tsimin taki. Jiƙo na kwana ɗaya ne ko biyu, tsimi kuwa sai an bar shi ya daɗe ya yi ƙarfi, kuma duk wanda ya ji sunan ya san ba a yi masa gaggawa, ba a yi masa kwankwaɗa. Wannan gargaɗin shi muka fi bukata. Bara wani sabon yaro ya zuba wa dashen mangwaro ruwan kashin kaji tsagwaronsa, cikin kwanaki gefen ganyen ya ƙone, wasu ba su farfaɗo ba. Saiwar dashe ba ta jure gishirin da ke ciki. Mu mukan sirka kofi 1 da kofi 10 na ruwa, har ya koma kamar shayi marar kauri, a zuba a gindi da yamma. Kuma ba a fara ba wa dashe sai ganyen gaskiya, wato wanda ke biyo bayan ganyen farko na tsiro, ya fito, don kafin nan abincin da ke cikin ƙwayar iri yake ci. Gawo da dakwara kaɗan ya ishe su, saiwarsu na samar musu da naitrojin, sinadarin da ke sa tsiro girma. In aka cika musu sai su yi zaƙwal, tsawo ba ƙwari, su sha wuya ranar da aka kai su fili.

In mun amince, na ganyen zogale ko ciyawa sai ya zama tsimin ganye, na kaji tsimin kashin kaji.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da me kuke kiransa a wajenku?