Shawarwarin waɗanda suka je Zanzibar

Da aka tattauna da waɗanda suka taɓa zuwa Zanzibar, tsibirin da ke ƙasar Tanzaniya, bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa a fara da tsohon gari, Stone Town, wanda UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Da ƙafa ake yawonsa, don lungunan sun yi wa mota kaɗan. Suka ce kada a yi gaggawa, a tsaya a kalli ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla; wasu har da ayoyin Alƙur'ani a samansu.

Wurin da ya fi taɓa zukatansu shi ne tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, inda cocin Angilika yake yanzu. Ɗakunan da ke ƙarƙashin ƙasa ƙuntatattu ne, mutum sai ya sunkuya. Ni ma ina ganin bai kamata a tsallake nan ba.

Bayan magariba sai lambun Forodhani a bakin teku, inda ake gasa kifi ana matse ruwan rake. A tambayi farashi kafin a ci. An ɗan yi saɓani kan tsibirin Changuu mai manyan kunkuru: wasu sun yaba, wasu sun ce cunkoso ya yi yawa. Gonakin kanumfari kuwa kowa ya yaba.

Daga birnin Darussalam na Tanzaniya zuwa Zanzibar, tafiyar kusan awa 2 ce a jirgin ruwa. A guji Maris zuwa Mayu saboda ruwan sama. Yawancin mutanen garin Musulmi ne, don haka a sa suturar mutunci.