Wanne lensi zan saya bayan 18-55?

Ɗan Nima:
Salam 'yan uwa. Kyamara Canon 700D nake riƙe da ita da lensin da ta zo da shi, 18-55 ɗin nan. Da rana ba laifi, amma ranar Asabar na je ɗaukar suna a Mamobi, ɗaki ɗaya ƙwan fitila ɗaya, wallahi fuskar jaririn duk ta dishe, kunya ta kama ni gaban mai jego. Guda ɗaya nake so wanda zai yi min aure da suna da titi, sidin kuma ba yawa.

Mai Hoto Aboabo:
Ƙanena matsalarka haske ce. Naka in ka ja shi zuwa 55 bakinsa tsukewa yake ya koma f/5.6 (lambar f in ta yi girma, hasken da ke shiga raguwa yake). Nemi Sigma ko Tamron 17-50mm f/2.8, duk inda ka ja yana nan a 2.8, wato ninki huɗu na hasken da kake samu yanzu a can ƙarshe, kuma faɗin wurin da yake ɗauka kusan ɗaya da wanda hannunka ya saba. Ni da shi nake cin abinci.

Hajiya Kyamara:
50mm f/1.8 ya fi arha fa, bayan mutum narkewa yake kamar man shanu.

Mai Hoto Aboabo:
Gaskiya ne Hajiya, amma a kyamararsa kamar 80mm zai zama, wato wurin da yake ɗauka ba faɗi, a ɗakunanmu na zango sai ya manne da bango bai haɗa mutum uku ba.

Baban Sadiya:
In na hannu za ka saya ka haska tocilan waya cikin gilashin, damshin Accra na sa fumfuna, zare-zare kamar saƙar gizo. Ka gani, ajiye musu kayansu.

Ɗan Nima:
Na gode Yaya. Sigma ɗin na da maganin rawar hannu?